Shekarar da Gwiwar Iya Ta Yi Shiru

Yau kwana huɗu ke nan rabon da mu ga rana a unguwarmu ta New Bell, nan Duwala. Ruwan Agusta ne, irin wanda ba ya tsawa ba ya fushi, sai dai ya zauna a kan kwano ya yi ta zuba kamar an manta da famfo a buɗe. Bangon ɗakina ya yi gumi, gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa. Ni kuwa gwiwata ta hagu tun shekaranjiya take cizo na, in na miƙe har ƙararta nake ji. Da safen nan jikata Nafisa ta leƙo da waya a hannu, wanki take son yi.

"Hajiya, meteyo mai hasashen yanayi ta ce za a yi rana daga ƙarfe sha ɗaya."

"Wa ya gaya wa meteyon?" na ce.

"Kai Hajiya! Satelit mana, tauraron ɗan'adam. C'est la science, kimiyya ce."

Na shafa gwiwata na ce to Allah Ya sa. Ta fita tana dariya, ta bar ni da wata damina da ta wuce shekara arba'in da 'yan kai, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta. A lokacin, gidaje biyar ne a unguwarmu ba sa sayen nama sai sun ji abin da gwiwar kakata ta ce.

Babanmu mai kilishi ne. Ubansa ne ya zo da sana'ar daga Arewa, inda rana take kyauta, ya kawo ta Duwala inda sai an yi dace ake samunta. Kilishi kuwa rabinsa nama ne, rabinsa rana. Za a yanka naman sa fale-fale har kana hango haske ta cikinsa, a shanya ya bushe, a tsoma shi a labu, wato kwaɓin tunkuza da yaji da albasa da citta, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. Shanya biyu ke nan a wuni ɗaya. Da rani ba a tunanin komai. Da damina kuwa, in ka yanka nama rana ta ƙi fitowa, ko ruwa ya same shi a kan rufi, to kilishi ya tashi daga aiki. Babu firji a gidan kowa a layinmu, kuma laimar garin nan ba ta barin ɗanyen nama ya kwana lafiya.

A nan ne Iya ta shigo cikin sana'ar maza. Iya ita ce ta haifi Baba. Gwiwoyinta duka biyu a kumbure suke tun da na yi wayo, yatsun hannunta sun karkace gefe guda, da safe sai ta daɗe tana murza su kafin su yarda su riƙe buta. Mu dai sanyin ƙashi muke ce masa. Ita kuma cewa take laimar Duwala ce ta shige ta tun ranar da aka kawo ta amarya, ta ƙi fita. Ba ita kaɗai ke da ciwo a unguwar ba. Masu turin pus-pus, wato kurar dako, kafaɗa ce ke damunsu, Baba bayansa ne ke riƙewa saboda sunkuyon yanka, akwai wani mahauci da babban yatsan ƙafarsa kan kumbura ya yi ja har ko zani ya taɓa shi sai ya yi ihu. Amma duk cikinsu ciwon Iya ne kaɗai yake da amfani, domin gwiwarta ta hagu tana jin ruwa kafin ya zo. In hadari yana tafe sai ta fara ci, in sama za ta buɗe sai ta saki. Ba na cewa ba ta taɓa kuskure ba, amma ta fi rediyo gaskiya nesa ba kusa ba.

Kullum bayan asuba Baba zai tsugunna a ƙofar ɗakinta ya ce, "Iya, an tashi lafiya? Ya ƙafa?" Wanda bai sani ba sai ya ɗauka gaisuwa ce kawai. In ta ce "Tana ci," ranar ba mai zuwa mahauta. In ta ce "Ta saki," sai ya suri keke. Kafin ya kai bakin titi labari ya zaga, har Malam Bakari, wani Bafulatanin Marwa da ke yin kilishi a Kassalafam, yakan tako da kansa ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Salamu alaikum, me gwiwa ya faɗi yau?" Duk wanda ya yi kilishi ya fito lafiya sai ya aiko wa Iya da falle guda, suna kiransa kason gwiwa. Ba ta da haƙoran ci, mu jikoki muke morewa, tana zaginmu tana miƙo mana.

Abin da mutanen waje ba su sani ba shi ne abin da gwiwar ta ƙwace mata. Shekara bakwai goshin Iya bai taɓa ƙasa ba. A kan wata 'yar kujera take salla, in an zo sujada sai ta sunkuyar da kai iya inda wuyanta ya kai. Malamai sun gaya mata sallarta ta yi, ta kuma san ta yi, amma hakan bai hana ta kuka ba. A ɗakinta nake kwana, na sha jin ta bayan sallama tana cewa, "Allah Ka ba ni ko guda ɗaya kafin in tafi."

Azumin shekarar ya kama cikin ruwa. Daren da aka ce an ga wata, mu ko tauraro ba mu gani ba, labari kawai muka ji. Gidanmu na karabot ne, wato katako, katakon ƙasa-ƙasa duk ya yi baƙi ya yi laushi. Lambatun da ke bayan gida ya cika ya shigo tsakar gida, muka jera bulo muka ɗora katakai muna bi ta kai zuwa madafa. Itace jiƙaƙƙe, Inna, wato mahaifiyarmu, takan kwashe rabin la'asar tana hura wuta, idonta ja wur. Tufafi ba sa bushewa, sai dai ka zaɓi wanda ya fi dama-dama ka sa. Ƙishirwa ba ta dame mu ba, wa zai ji ƙishirwa a cikin wannan ruwa? Yunwa ce ta yi mana zaman dirshan. Kwana goma sha biyu na farkon azumi, kowace safiya amsar Iya ɗaya ce, tana ci. Baba ya gwada tsire a bakin titi da yamma, ruwa ya kashe masa wuta ya kori masu saye. Kunun buɗa-baki ya yi ta tsinkewa har ana ganin gindin kwano. Sahur kuwa garin rogo ne da ɗan suga, wata rana makabo, wato gwaza, dafaffe da gishiri da manja.

Ina da shekara goma sha bakwai, ina wanki da guga a gidan wani likita a Bonapriso. Da sassafe zan riƙe takalmana a hannu in ratsa ruwa har inda kwalta ta fara, sannan in wanke ƙafa a famfon bakin hanya in shiga unguwar masu bene kamar ba daga cikin taɓo na fito ba. Ni ce da ɗan abin da ke shigowa gida a watan, kuma hakan ya sa kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba. Na ga yadda ruwan ya tsananta wa Iya, har alwala sai na ɗaga ta na zaunar. Wata rana na yi ƙarfin hali na tare Dokta yana shirin shiga mota, na zayyana masa komai da guntun Faransancina.

Mutumin kirki ne. Ranar Lahadi ya zo da motarsa har inda hanya ta ƙare, ya naɗe ƙafar wando ya bi katakai ya shigo ɗakin Iya. Ya danna gwiwar, ya lanƙwasa ta a hankali yana saurare, ya dudduba yatsun. Ya yi bayani ina fassarawa. Ya ce akwai guringuntsi tsakanin ƙashi da ƙashi, nata ya cinye, yanzu ƙashi ne ke gugar ɗan'uwansa. Abin da ya cinye ba ya dawowa, amma ana iya kwantar da zafin.

"Ashe ba sanyi ba ne?" in ji Iya.

Ya yi murmushi ya ce sanyi yana iya tashinsa, amma ba shi ya kawo shi ba. Ya ba mu wasu ƙwayoyi farare, ya ce ɗaya bayan buɗa-baki, ɗaya bayan sahur, kada ta kuskura ta sha cikinta babu komai. Da zai fita ya dafa kafaɗarta ya ce, "Ashiya, Mama," wato sannu.

Kwana biyu da fara sha, Iya ta riƙe buta da kanta. A rana ta uku, da asuba, ina ninke tabarmata sai na ga ta ture kujerar da ƙafa. Ta ta da salla a tsaye. Ta yi ruku'u. Sannan ta dafa bango ta yi ƙasa a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, har goshinta ya sauka a kan buzu. Na tsaya da tabarma a hannu. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, har yau kuwa. Da ta sallame fuskarta sharkaf da hawaye, tana dariya kamar yarinya.

A daidai lokacin Baba ya tsugunna a ƙofa. "Iya, an tashi lafiya? Ya ƙafa?"

"Ta saki!" ta ce. "Sakin da ba ta taɓa yi ba!"

Ina wurin. Inna tana wurin. Dukkanmu mun san tana shan magani, dukkanmu mun san abin da ake nufi da wannan tambaya, amma wallahi ba wanda ya haɗa biyun a ransa. Shekara da shekaru sakin gwiwa ma'anarsa ɗaya ce a gidanmu. Ga shi kuma ruwan ya ɗan tsagaita a safiyar, sama ta yi fari-fari. Baba ya hau keke, labari ya zaga, gidaje biyar suka kwashi abin da ya rage musu suka nufi mahauta.

Ina tsaye ina guga a Bonapriso, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na ga ɗakin ya yi duhu. Na leƙa taga na ga hadari ya taso daga wajen teku, baƙi ƙirin. A nan ne abin ya faɗo mini, da dutsen guga a hannuna. Gwiwar ba ta saki don sama za ta buɗe ba, mu ne muka rufe mata baki. Na ajiye guga ban ko yi sallama da matar gidan ba, na fita da gudu. Kafin in kai New Bell ruwa ya kece.

Na tarar da Baba a kan rufi yana tattara nama yana santsi, Inna tana tara masa faranti daga ƙasa. A kowane rufi na masu kilishi abin da ake yi ke nan. Naman ya jiƙe ya yi fari, ruwa yana zuba daga indararo ja-ja. An gwada ceto shi da hayaƙi, jiƙaƙƙen itace ya ƙi ba da haɗin kai. Ƙarshe dai tukunya aka ɗora, aka dafa, aka rarraba wa maƙwabta kafin ya lalace. Kwana biyu layinmu yana buɗa-baki da nama har ana turewa, kuma ban ga wanda ya yi murmushi a kan kwanon ba. Jarinsu suke ci, kowa ya sani.

Ba wanda ya ɗora wa Iya laifi. Malam Bakari ma, da ke ce mata Dada, da ya zo tsugunnawa ya yi ya ce, "Ashiya, Dada, Allah ne ya kawo." Ta kalle shi kawai ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, tunda ni na kawo likitan.

Dama ɗaya ta rage wa Baba. Gab da salla fatake masu hawa jirgin ƙasa da ma'aikatan tashar jiragen ruwa sukan sayi kilishi su tafi da shi tsaraba, shi ne cinikin da ke riƙe gida har ruwa ya ɗauke. Ya sayar da kekensa ya ƙulle kuɗin, ya ce na cinya ɗaya ne, in ta fito mun tsira, in ta jiƙe sai ya tafi tasha dako. Da wannan bayan nasa da ke riƙewa, Inna ta san dako ba zai kai shi wata guda ba. Abin da ya rage shi ne a san ranar da za a yanka, ga shi kuma mai faɗa ta yi shiru.

Sai kuma shirun ya ƙare. Kwana biyu bayan asarar na ga Iya ta jawo kujerarta ta koma kai. Buta ta fara suɓuce mata. In za ta juya a kan gado sai ta cije leɓe. Da Baba ya gaishe ta ta ce, "Tana ci," kamar yadda ta saba. Mutanen gida suka ce ai dama maganin Turawa ba ya jure laimar Duwala. Ni ma haka na ɗauka, har ina shirin komawa wurin Dokta in ce ya canza mata wani.

Ranar ashirin da ɗaya ga azumi ina share ɗakinta da hantsi, tsintsiya ta bugi gwangwanin goronta, murfin ya buɗe. Ƙwayoyin ne suka zubo, farare tas. Kullum ni nake miƙa mata, ashe kai hannu baki kawai take yi ta kurɓi ruwa.

"Iya, mene ne wannan?"

"Idonki ciwo yake?" ta ce. "Kwashe ki mayar kafin wani ya shigo."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na manta da wa nake magana. "Goman ƙarshe fa ake ciki, Iya! Shekara bakwai ina jin ki kina roƙon Allah Ya ba ki sujada ko guda ɗaya. Ya ba ki, kin sa a gwangwanin goro?"

"Rage murya, 'yar nema." Ta jawo ni da karkatattun yatsunta ta zaunar a gefen gado. "Ai Ya ba ni. Guda ɗaya na roƙa, Ya ba ni na kwana biyu cur, ki lissafa ki ji nawa ne. Wanda nake yi wa sujadar Ya san inda goshina yake son zuwa. Mai kilishi ne bai san inda hadari yake ba." Ba ta taɓa faɗin sunan Baba ba, ɗan fari ne, mai kilishi take ce masa. "Gidaje biyar na zubar wa jari da bakina, Asabe. Ki bar ni in ji ciwona, ina da aiki da shi. In nama ya sauka lafiya, da kaina zan ce ki ba ni."

"To in gaya wa Baba."

"Ki gaya masa ya ɗura mini da ƙarfi, mu kwana da yunwa gaba ɗaya. Kin fi kowa wayo ai."

Na kwashe ƙwayoyin na mayar. Na yi shiru kamar yadda ta ce, amma shirun nan ya fi mini azumin wuya. Kullum da magariba zan miƙa mata ƙwaya a gaban kowa, ta kai hannu baki, mu haɗa ido. Kullum in ɗaga ta in zaunar a kujera, ina jin gwiwar da zafi rau a tafin hannuna. Mata suna ta ƙoƙarin ibadar goman ƙarshe, ita kuma tana sunkuyar da kai iya wuya, abin da zai kai ta ƙasa yana ƙarƙashin gadonta. Tsoronta ya kama ni a kwanakin nan, irin tsoron da ake ji wa babban mutum.

Ranar ashirin da uku gari ya waye tangaran, sama shuɗiya. Baba ya zo gaisuwa har da kwandonsa a hannu. Iya ta ce, "Tana ci. Kar ka je." Malam Bakari ya kalli sama ya kalli Baba ya ce shi kam gwiwa ya cuce shi sau ɗaya, yau idonsa zai bi. Baba ya daɗe a tsaye, sannan ya ajiye kwandon ya shiga ɗaki. Kafin ƙarfe goma ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Allah Ya taimaki Malam Bakari, a hanyar mahauta ya same shi, bai riga ya saya ba. Washegari ya dawo bakin zaurenmu da hularsa a hannu.

Ashirin da huɗu, tana ci. Ashirin da biyar, tana ci. Ashirin da shida ma haka. Fatake sun fara ɗaure kaya. Baba ya daina cin sahur sosai, sai ya zauna yana wasa wuƙar da ba ta da abin yanka.

Safiyar ashirin da bakwai ta fi kowace muni. Ruwa ake tsugawa, ko gidan da ke kallonmu ba a gani. Baba ya tsugunna a ƙofa don al'ada kawai. Iya tana zaune, idonta a rufe, tafin hannunta a kan gwiwar hagu.

"Tafi ka sayo," ta ce.

"Iya?"

"Ta fara saki tun kiran salla. Tafi, kar a riga ka cinya mai kyau."

Inna ta kalle ni, na san abin da take tunani, wai ko maganin ne ya sake yi mana irin ta rannan. Ni kaɗai na san ba shi ba ne. Na ce, "Baba, ka je." Ya kalle ni, ya kalli uwarsa, ya yafa buhu a ka ya fita a ƙafa cikin ruwan.

Ban je Bonapriso ba ranar. Ni da Inna muka hau dakan labu a madafa, taɓarya biyu a turmi ɗaya, yaji yana shaƙe mu ga azumi. Baba ya dawo jiƙe sharkaf da cinya a kafaɗa, ya zauna a zaure ya fara yanka. Ruwa yana dukan kwano, shi yana zare nama falle bayan falle, bai ɗaga kai ko sau ɗaya ba. Ya gama rabi, ruwa bai fasa ba. Na leƙa ɗakin Iya, tana nan yadda na bar ta, leɓɓanta suna motsi. Ya kusa gamawa sai na ji dakanmu ya yi ƙara fiye da da. Na tsayar da taɓarya. Ashe rufin ne ya yi shiru.

Rana ta fito da hantsi, irin fitowar da ban taɓa gani ba. Cikin ɗan lokaci kowane rufi a New Bell ya fara tururi, unguwa gaba ɗaya tana hayaƙi fari. Mutane suka fito da katifu da tabarmi da tufafi, tsofaffi suka zauna a ƙofar gida suna miƙa ƙafafu. Na hau tsani ina miƙa wa Baba faifan nama, kwano yana ƙona mini tafin ƙafa. Da na kai sama na juya yamma sai na ga wani abu tsaye a ƙarshen sama, shuɗi, ƙato, kansa ya fi gajimare. Na ce Baba mene ne wancan? Ya ce dutsen Kamaru ne, kullum yana nan, laima ce ke ɓoye shi. A garin aka haife ni, ban taɓa sanin ana hango shi daga rufinmu ba. Na tsaya da faifai a hannu ina ta salati.

Kafin azahar naman ya bushe ƙayau. Muka sauke, muka tsoma a labu, hannu shida a kwano ɗaya, muka mayar. A sauran rufin ma haka ake yi, ana kiran juna ana tsokana, Malam Bakari ya aiko a ce wa Dada yau ko rabin sa take so nata ne. La'asar ta yi, sama tas, ba ko ɗigon gajimare. Baba yana cewa a ƙara masa rabin awa. Sai muka ji muryar Iya daga ɗaki, ba kira ba ne, nishi ne ya fito da magana a ciki.

"Ku sauke! Ta kama!"

Ba wanda ya tsaya kallon sama. Aka yi ta miƙo faifai hannu da hannu, ana ƙwala wa maƙwabta kira su ma su sauke. Iska ta juyo da sanyi. Faifan ƙarshe yana shiga zaure, ɗigon farko yana faɗuwa a kan kwano. Baba ya hura gawayin da ya ɓoye tun farkon wata, ya fara gashi. Ƙamshin ya cika layi, ga ruwa yana zuba a waje, ga mu da azumi a baki muna haɗiyar yawu muna dariya.

Da aka sha ruwa, Iya ta kurɓi kununta ta ce, "Asabe, ɗauko mini gwangwanina." Na ɗauko. Ta buɗe a gaban kowa, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta haɗiye da gaske. Baba ya shigo da kason gwiwa a hannu, idonsa ya faɗa kan gwangwanin, ya ga tarin ƙwayoyi a kan goro. Ya tsaya. Na ga lokacin da ya gane. Ya ajiye kilishin, ya durƙusa, ya dafa ƙafarta da hannu biyu, babban mutum da gemu, kafaɗunsa suna rawa. Iya ta kau da kai gefe, kunyar ɗan fari ba ta bar ta ta dube shi ba.

"A ce wa mai kilishi ya tashi," ta ce da bango, "namansa zai ƙone."

Asubar ashirin da tara ta sake ture kujerar. Ta yi ƙasa a hankali, goshinta ya sauka, ta zauna a nan. Na gama tawa sallar tana nan. Na ninke tabarma tana nan. Na matsa na taɓa kafaɗarta. Sai da ta ga dama ta ɗago, ta ƙarasa, ta sallame, sannan ta harare ni.

"Kwana goma sha biyu ban gaisa da ƙasa ba, ba za ki bar mu mu gaisa ba?"

Yanzu masu kilishin New Bell suna da firji, wasu ma daga Arewa ake aiko musu da shi a mota. Ba mai tsugunnawa a ƙofar tsohuwa da asuba. Ni ma na gaji gwiwar, likita ya nuna mini hotonta ya ce guringuntsi ne ya cinye, na ce na san labarin tun kafin a haife ka. Na tambaye shi ko gwiwa tana jin ruwa, ya ce wasu suna cewa suna ji, shi dai ba zai rantse ba. Tawa kam maƙaryaciya ce. Ɗazu ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna rana ta fito, gwiwata tana ta cizo kamar za a yi ambaliya. Nafisa ta shanya kayanta ta leƙo tana yi mini gwalo.

"Hajiya, kin gani ko? Wa ya ci, ke ko meteyo?"

"Ke kika ci. Kawo mini maganina da ɗan abin taɓawa."

Na ci, na haɗiye ƙwayar, ban ɓoye ta a ko'ina ba. Ba wanda abincinsa ke jiran ciwona, Iya ta riga ta yi mana wannan. Da aka kira azahar na dubi kujerar da nake salla a kai, na ture ta gefe da ƙafa. Na dafa bango na yi ƙasa, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, har goshina ya sauka. Ban san iya daɗewar da na yi ba, sai da na ji hannun Nafisa a kafaɗata.